Babi na Biyar: Gwauron Itace a Tsibirin Rodrigues

A shekarar 1980 wani malamin makaranta a tsibirin Rodrigues ya ba ɗalibansa labarin itatuwan tsibirinsu da suka ɓace, ya nuna musu tsohon zanen ɗaya daga ciki, ya ce kowa ya buɗe ido a hanyarsa ta komawa gida. Sai ga wani yaro ya dawo da reshe a hannu. A bakin hanya ya karyo shi, ba nisa da gidansu, a jikin wani ɗan itace da awaki suka gama yi wa aski. Aka aika reshen wurin masana tsirrai, amsa ta dawo cewa idon yaron bai yaudare shi ba. Itacen nan ne da mutanen tsibirin ke kira café marron, wato gahawar daji, wanda a littattafan masana sunansa Ramosmania rodriguesi, wanda kuma tuni aka shafa wa fatiha. Aka bazama cikin kwazazzabai da gangaren duwatsu ko Allah zai sa a dace da na biyu. Har yau ba a dace ba.

Ba wani ƙasaitaccen itace ba ne da za a ce a yi shimfiɗa a inuwarsa. Idan ya samu lafiya ya girma, tsawonsa 'yan mitoci ne kawai. Ganyensa kore shar, mai sheƙi kamar an shafa masa mai, yana fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna. Furensa fari fat, mai kunnuwa biyar a buɗe kamar tauraro, da ɗan dogon wuya a ƙasa. Dangin gahawa ne, zuriya ɗaya da gauɗe da giyayya na dazuzzukanmu, sai dai ba a dafa gahawa da 'ya'yansa. A lokacin da aka gano shi ma babu wani mai rai da ya taɓa ganin 'ya'yan nasa.

Tsibirin kansa ɗan ƙarami ne a tsakiyar Tekun Indiya, kimanin kilomita 560 gabas da Morishus, kuma yanki ne na jamhuriyar Morishus ɗin mai 'yancin gudanar da harkokinsa tun 2002. Tsawonsa kilomita 18 ne, faɗin ƙasarsa gaba ɗaya murabba'in kilomita 108, mutanensa sun ɗan haura 40,000, akasarinsu jikokin bayin da aka kwaso daga Madagaska da gabashin Afirka. Aman wuta ne ya tofo shi daga ƙarƙashin teku, bai taɓa haɗuwa da wata nahiya ba. Don haka duk abin da ya rayu a kansa kafin zuwan jiragen ruwa, ko dai ya zo a iska, ko a kan igiyar ruwa, ko a cikin cikin tsuntsu. Akuya ba ta iyo kilomita ɗaruruwa, saniya ba ta tashi sama. Mai shayarwa guda da ya isa can da kansa shi ne jemage. Itatuwan wurin sun yi dubban ɗaruruwan shekaru ba su san haƙorin dabba mai kofato ba, ba su san gatari ba, ba su san gobarar manomi ba.

Muna da shaidar yadda wurin yake a da daga bakin wanda ya gani. A 1691 wani Bafaranshe mai suna François Leguat ya sauka a tsibirin, su takwas, dukansu 'yan Furotesta da suka gudo daga tsangwamar addini a ƙasarsu. Suka yi shekara biyu a can. A littafin da ya wallafa a 1708 ya ba da labarin daji mai duhu da ƙoramu masu gudu, da wani ƙaton tsuntsu marar tashi da ake kira solitaire, da kunkuru masu yawan da mutum zai iya yin doguwar tafiya a kan bayansu ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Wasu masu karatu a Turai sun ɗauka shaci-faɗi ne, har sai da aka tono ƙasusuwan tsuntsun da na kunkurun a kogunan tsibirin. Kunkurun nan su aka fara far wa. Ga matuƙan jirgin ruwa na wancan zamani kunkuru nama ne da ba ya ruɓewa: a kife shi a cikin jirgi ya yi watanni ba ci ba sha yana nan da rai. Daga shekarun 1730 Faransawa suka kafa sansani na musamman don tara su ana lodawa zuwa Morishus, ana ƙiyasta waɗanda aka kwashe sun haura 200,000. Kafin a shiga ƙarni na 19 da kyau babu sauran ko ɗaya. Tsuntsun solitaire ma ya riga su ƙarewa.

Daga nan sai aka bi ta kan dajin. Aka saki awaki da shanu da aladu, ɓeraye suka sauko daga jirage ba wanda ya gayyace su, kyanwoyi suka bi bayansu. Bayan an soke bauta a shekarun 1830, 'yantattun bayi suka hau tuddai suna sheme daji suna shuka masara da rogo da dankali. Ba wanda zai ga laifinsu, mutum ya fito daga bauta da hannu biyu, abin da zai ci yake nema. Amma gangaren dutse idan aka tuɓe masa riga, ruwan guguwa ɗaya ya isa ya wanke ƙasar zuwa teku. Lokacin da masanin tsirrai Isaac Bayley Balfour ya iso a 1874, cikin tawagar Ingila da ta zo kallon giftawar Zahra ta gaban rana, busasshen tsibiri ya tarar, mai tsirarun itatuwa a lunguna. Daga abin da ya tattara a wannan tafiya aka yi zanen da malamin nan ya nuna wa yara bayan shekara ɗari da 'yan kai. A yau masana suna lissafa Rodrigues cikin tsibiran ƙasashe masu zafi da aka fi yi wa illa a duniya, babu ko yanki ɗaya na dajinsa na asali da ya tsira cif yadda yake.

To, an samu itace ɗaya. Me za a yi da shi? Abin da kowa zai fara tunani shi aka yi, aka kewaye shi da shinge don awaki. Ashe ba awaki ne babbar matsalar ba. Da mutane suka ga jami'an gandun daji da baƙi daga ƙetare suna ta zarya wurin wani ɗan itace a bakin hanya, har da kafa masa shinge, sai suka ce ruwa ba ya tsami banza. Dama can ana ambaton café marron a maganin gargajiyar tsibirin. Ana cewa yana maganin ciwon sanyi, yana wanke hanta, yana warware wa mashayi nauyin kan giyar jiya. Ba a kan wani gwajin asibiti aka gina wannan magana ba, amma mai ciwon da yake jin kunyar kai wa likita ba ya tambayar gwaji. Dare ya yi, a tsallaka shinge, a karyi reshe, a sassaƙi ɓawo, a tsinki ganye. Aka ƙara shinge na waya mai ƙaya, aka yanke wayar. Aka kewaye shingen da wani shingen. A ƙarshe sai da aka mai da wurin kamar keji, har da sa maigadi. Marubucin Ingila Douglas Adams, wanda ya je tsibirin a ƙarshen shekarun 1980, ya ba da labarin wannan tseren shinge da wuƙa a littafinsa Last Chance to See na 1990, cikin raha irin tasa. Abin da dariya, amma itacen kullum ƙara ƙanƙancewa yake yi.

Ni a ganina masu shingen ba su yi wauta ba, kuma masu wuƙar ba mugaye ba ne. Shinge sanarwa ce. Duk abin da hukuma ta kewaye ba ta yi wa maƙwabtansa bayani ba, ta gaya musu cewa akwai dukiya a ciki, kuma ba tasu ba ce. Shekara da shekaru itacen yana tsaye a bakin hanya ba mai kula shi sai akuya. Ranar da ya yi suna, ranar ya shiga uku.

Wata masaniyar tsirrai mai suna Wendy Strahm, wadda ta yi shekaru tana bin diddigin tsirran Morishus da Rodrigues, ta ga idan aka zuba ido wata rana za a wayi gari a tarar da kututture. A 1986, tare da hukumar gandun dajin Morishus, aka yanki 'yan rassa aka sa su a jirgin sama zuwa lambun Kew da ke Landan, wanda tun 1759 ake tara tsirran duniya a cikinsa. Kasada ce babba, domin kowane reshe da aka cire ragi ne ga majinyacin da ya riga ya rame. Reshe ɗaya ya yi saiwa. Daga shi aka yanki wasu, daga waɗannan aka yanki wasu, har aka tara tukwane da dama a ɗakunan gilashi masu ɗumi. A 2001 aka mayar da 'yan kaɗan gida.

Sai dai duk wanda ya san dashe ya san abin da ke nan. Reshen da aka yanka aka kafa ba ɗa ba ne, itacen nan ne dai na farko aka raba shi gida-gida. Ko tukwane dubu aka cika, mutum ɗaya ne yake zaune a ɗaki dubu. Cutar da za ta kama ɗaya za ta kama duka, kuma ranar da mai ban ruwa ya gaji, zance ya ƙare. A Kew itatuwan suka yi ta fure ba ƙaƙƙautawa, rani da damina, farare tas, masu ziyara suna ɗaukar hoto. Furen ya buɗe, ya yi kwanakinsa, ya bushe, ya faɗi. Aka ɗebi garin wannan fure aka shafa wa wancan, shiru. Shekara goma sha bakwai ana haka ba a ga ɗa ko ɗaya ba. Masu wannan sana'a suna kiran irin waɗannan tsirrai matattu masu rai, abin da mu za mu ce gawa-ta-ƙi-rami.

Dalilin ya fito daga baya, kuma manomin gwanda ba zai sha wahalar gane shi ba. A gonar gwanda akwai mace akwai namiji. Namijin ya fi kowa yawan fure, dogayen zangarnu suna reto, amma ba a jiran 'ya'ya a wurinsa. Café marron ma haka yake, kuma wanda ya rage a duniya namiji ne. Duk tukwanen Kew maza ne, tun da duk shi ne. Leguat da abokansa ma, in aka bi labarinsu, ba yunwa ce ta kore su daga tsibirin a 1693 ba. Abinci har ya yi musu yawa. Cikin manyan dalilan da suka sa suka sassaƙa kwalekwale suka yi kasadar teku zuwa Morishus akwai rashin mata. Shi itace ba shi da kwalekwale.

Amma manomin gwandar nan zai ƙara da cewa wani lokaci namijin ma yakan ɓata lissafi ya jefo ɗan ɗa guda a ƙarshen zangarniya. A wannan 'yar ƙofa aka shiga. Wanda ya shige ta wani matashi ne ɗan Sifaniya, Carlos Magdalena, mutumin Gijón, wanda ya zo Landan yana aikin hidimar abinci kafin ya samu shiga Kew a matsayin mai koyon aiki. Ya ƙwallafa rai a kan itacen nan. A tsakiyar kowane fure akwai ɗan tsinke wanda garin fure ke sauka a kansa, daga nan garin ya tsiro ya bi ta cikin tsinken ya gangara zuwa inda ƙwayayen iri suke kwance. A furen namijin café marron kayan mace suna nan, sai dai a tsuke, kuma kan tsinken ba ya karɓar garin. Magdalena ya ce to a cire mai tsaron ƙofar mana. Ya riƙa ɗaukar aska mai kaifi yana fille kan tsinken, ya ɗora garin fure kai tsaye a kan sabon yankan tun yana ɗanye. Fure bayan fure, yawancinsu suka bushe suka zube kamar yadda suka saba. A 2003 ɗaya ya ƙi faɗuwa. Gindinsa ya kumbura, ya zama ɗa, da aka buɗe shi aka tarar da ƙwaya bakwai.

Ƙwaya bakwai ba ta isa a buga ganga ba, kuma da aka sake gwadawa abin ya yi ta ƙi. A nan ne aikin ya koma na lura, irin lurar mai kiwo da ya san wace akuya ce ba ta ci da safe ba. Me ya bambanta tukunyar da ta haihu da sauran? Sai aka ga tana wurin da ya fi zafi, rana kuma ta fi dukanta. An daɗe ana lallaɓa itacen a inuwa saboda tsoron kada a rasa shi, ashe lallaɓawar tana cikin abin da ya hana shi haihuwa. Aka ƙara wa tukwanen zafi da haske, aka ci gaba da aikin aska, 'ya'ya suka fara samuwa, kowane da 'yan ƙwayoyi kaɗan. Aka shuka, suka tsiro, suka girma, suka yi fure. Cikinsu sai ga mata. Da aka ɗauki garin namiji aka kai wa mace, ba aska ba dabara, sai ga ɗa cike da ƙwayoyi gommai. Magdalena ya ba da wannan labari dalla-dalla a littafinsa The Plant Messiah na 2017.

Tsiron farko ya zo da abin mamakin da ya kusa sa a yi zaton an rikita iri. Maimakon ganyen nan mai faɗi, kore, mai sheƙi, sai ga wasu dogayen ganyaye sirara kamar tsinken tsire, masu duhu-duhu, da jan layi a tsakiya. Ba mai cewa uwa ɗaya uba ɗaya suke da itacen bakin hanya. Sai da tsiron ya haura kimanin mita ɗaya sannan ya sauya kama ya fara fitar da ganyen manya. Dashen reshe bai taɓa nuna wannan ba, domin reshen babba ganyen babba yake fitarwa. Kuma ba café marron kaɗai ke da wannan hali ba, itatuwa da yawa na Rodrigues da Morishus haka suke, ganyen ƙuruciya daban, na girma daban. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne kunkuru. Rodrigues na da iri biyu, ɗaya mai ƙoƙon baya a dunƙule yana kiwo a ƙasa, ɗaya mai dogon wuya yana miƙawa ya ciro ganye. Iyakar inda wuyan nan ke kaiwa, nan ne iyakar ganyen ƙuruciya. Da aka gwada da kunkurun Aldabra na tsibiran Seshel, aka zube musu ganye iri biyu na itace ɗaya, sai suka riƙa cin na manya suna kauce wa masu jan layin. Wato itacen yana nan yana ɓuya daga maƙiyin da ya bar duniya fiye da shekara ɗari biyu. Ita kuwa akuya ba ruwanta da launi, sirara da masu faɗi duk ci take yi.

Zuwa 2010 an mayar da ɗaruruwan ƙwayoyin iri gida. A nan yawancin masu ba da labarin suke tsayawa, domin nan ne daɗinsa yake: yaro ya gano, gwani ya warware, iri ya koma gida. Amma komawa gida sai in gidan yana nan. Ina za a shuka su?

Abin da ya rufe tuddan Rodrigues a yau kore ne, mai kallo daga jirgi zai ce daji ya dawo. Baƙi ne kusan duka. Akwai jamrosa, wani itace daga Asiya mai 'ya'ya masu ƙamshi, wanda ya cika kwaruruka ya yi rumfa mai duhun da ba abin da ke tsirowa a ƙarƙashinta, ga shan ruwa a tsibirin da ruwan sha yake wahala har ana tace na teku. Akwai lantana mai sarƙaƙiya. Akwai itacen turare da aka dasa don katako. Sannan akwai wanda mutanen tsibirin suka fi tsana, suna kiransa piquant loulou saboda ƙayarsa. Da mai karatu zai gan shi, da ya yi dariya, domin bagaruwa ce. Bagaruwarmu dai, wadda majema ke jiƙa 'ya'yanta su jeme fata, wadda ake nema a kasuwa da kuɗi don magani. A ƙarni na 20 aka shigo da ita da kyakkyawar niyya, don ta riƙe ƙasar da ke zaizayewa ta kuma ba da itacen girki. Ta riƙe ƙasar, sannan ta ƙi tsayawa inda aka ajiye ta. A nan wurinmu bagaruwa tana da masu taka mata birki: ƙwarin da ke huda ƙwayarta, masu tsince 'ya'yanta, masu sara, da dogon rani. A can ta bar su duka a baya. Shanu da awaki su ci 'ya'yan, su kai ƙwayar ko'ina cikin kashinsu, ta tsiro da takinta a gindi. Ta mamaye makiyaya da busassun gangare na gefen teku, ta yi ƙurmin ƙaya da mutum ba ya ratsawa balle tsiron wani itace. Irin wannan ɓarna take yi a jihar Queensland ta Ostareliya, inda ta ci miliyoyin hekta na makiyaya. Itace ba ya zama mugu ko nagari da kansa, sai an tambayi inda yake tsaye.

Saboda haka aikin ceton café marron ya koma aikin adda da gatari da fartanya. A kan tudun Grande Montagne akwai wani yanki mai kimanin hekta 25 da aka kewaye, wanda gidauniyar kula da namun daji ta Morishus, da aka kafa a 1984, take aiki a cikinsa tare da hukumar gandun daji. Akwai wani a Anse Quitor, kusa da filin jirgin sama, mai kusan hekta 35. In aka haɗa su biyun ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na tsibirin ba. A gandun reno da ke Solitude ake tsirar da 'ya'yan itatuwan asali a leda, a jira damina, wadda a can take kamawa daga wajen Disamba, a ɗauke su a ka ko a kafaɗa a hau da su tudu. Kafin nan an rage baƙin itatuwa, an tumɓuke na tumɓukewa, an sare na sarewa. Bayan dashe kuma sai noma, domin ƙasar cike take da ƙwayar baƙi da ke jiran haske, da zarar an buɗe sama sai su taso kamar an kira su. A nome bana, a nome baɗi, a nome baɗin baɗaɗa, har sai itatuwan asali sun haɗa kai sun yi inuwar da za ta danne su. An dasa fiye da 100,000 a Grande Montagne kaɗai ta wannan hanya. Ba aikin da ake rubuta littafi a kansa ba ne, kuma masu yinsa mutanen ƙauyukan kewaye ne, maza da mata, ma'aikata da 'yan sa-kai da 'yan makaranta. Wannan karon an gane cewa wanda ya dasa itace da hannunsa ba ya dawowa da dare da wuƙa.

Wani abu kuma ya hana a yi wa baƙin itatuwan sharar gona lokaci ɗaya. Tsibirin yana da ƙananan tsuntsaye biyu da babu su a ko'ina a duniya. Ɗaya dangin kabare ne mai kai ruwan ɗorawa, wanda a 1968 bai wuce ma'aurata shida ba. Ɗayan wani ɗan mawaƙi ne mai launin ƙasa, shi ma a shekarun 1970 ya koma 'yan gommai. Ga kuma jemagen Rodrigues mai gashin zinariya a wuya, wanda ya ragu zuwa ƙasa da 100 a wancan lokaci, har Gerald Durrell ya kwashi wasu a 1976 ya kai gidan namun dajinsa na tsibirin Jersey don kada a rasa iri. Duk ukun sun farfaɗo, tsuntsayen sun koma dubbai, jemagun sun kai wajen 20,000. A ina suka fake kafin dajin asali ya fara dawowa? A cikin baƙin itatuwan nan. Ɗan mawaƙin ma a ƙurmin jamrosa ya fi yin sheƙa. Da an tashi da zafin kishi an share jamrosa a shekara ɗaya, da garin neman gira an rasa ido. Dole ake bi sannu, a sare kaɗan a dasa kaɗan, a bar wa tsuntsu inda zai kwana har sabon gida ya tashi.

Akwai abin da duk wannan wahala ba za ta gyara ba. Kowane café marron da ke duniya yau, na Kew da na Grande Montagne, mace da namiji, daga itace ɗaya ya fito, ko dai reshensa ne, ko zuriyar auren da ya yi da kansa. Duk bambancin jini da kakanninsa suka tara, na jure fari, na jure wata cuta, na jure guguwa, abin da ya rage shi ne ɗan abin da wannan guda ɗaya ya riƙe a jikinsa. Iri dai ya fi dashen reshe, domin kowace ƙwaya tana sake juya gadon ta fito da ɗan nata salo, amma daga buhu ɗaya ake ɗiba. Kuma ba shi kaɗai ke layi ba. Rodrigues na da wasu itatuwan, irin su bois pasner da bois pipe, waɗanda abin da ya rage na asalinsu a daji ana ƙirga shi da yatsun hannu, ba su kuma samu marubucin da zai yi musu suna ba.

Kunkuru ma an dawo da shi, ko da yake ba na asalin ba. A 2007 aka buɗe wani gandu mai hekta 20 a kudu maso yammacin tsibirin, aka sa masa sunan François Leguat, aka zuba masa kunkurun Aldabra, 'yan asalin tsibiran Seshel, da wasu ƙanana 'yan Madagaska. Sun hayayyafa sun kai dubbai. Baƙi ne su ma, amma baƙin da aka zaɓa da gangan don su riƙe aikin da mamatan suka bari. Suna kiwon ciyayin da suka shigo daga waje, waɗanda ba su san dabarar ɓuya daga kunkuru ba, suna tsallake yawancin tsiron itatuwan asali masu jan layi a ganye. Suna haɗiye 'ya'yan itace da suka faɗo, su yi tafiyarsu ta kunkuru, su sauke ƙwayar a wani wuri cikin taki. A tsibirin Île aux Aigrettes da ke gaɓar Morishus, inda aka fara wannan gwaji tun 2000, an ga tsiron wani itacen asalin tsibirin, dangin kanya, yana fitowa a wuraren da da ba ya kaiwa, kuma ƙwayar da ta bi ta cikin kunkuru ta fi saurin tsirowa.